Halin saniya ma dukiya ne: abin da na koya a shingen rigakafi



A shekarata ta farko cikin aikin lafiyar bisashe, an tura mu rigakafin ciwon huhu a wani shinge da ke arewacin Dakwaro. Lokacin sanyi ne, iska na kaɗawa da ƙura. Garken farko da ya shigo na wani mutumin gari ne, shanun Azawak. Suka bi lungun shingen ɗaya bayan ɗaya, muka yi masu allura, suka fice. Garke na biyu jajayen shanun Bororo ne masu dogayen ƙahoni. Tun daga nesa suka ja suka tsaya, kunnuwa a miƙe. Mu kuwa sauri muke yi, don akwai garkuna da yawa suna jira. Na ce wa yaran da ke taimaka mana su kora su. Aka hau ihu, aka hau duka da sanduna. Wata karsana ta yi tsalle za ta haura ƙarfen shinge, ƙafarta ta gaba ta maƙale ta karye. Kafin azahar an yanka ta, aka sayar da naman a wulaƙance, don babu kasuwa kusa.

Cikin fushi na ce wa mai garken, wani dattijo: "Baba, ai shanunka mahaukata ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Likita, ka ce wa yaranka su ajiye sanduna su koma bayan mota."

Muka koma. Ya bar shanun suka huce kamar rabin awa. Sannan ya kira wata tsohuwar saniya da sunanta, ya shiga lungun da kansa, ta bi shi, sauran suka biyo ta. Muka yi allura a hankali, ba wadda ta sake tsalle. Da muka gama ya ce mani: "Ba su san ku ba ne. Da kowa suke bi, da tuni ɓarawo ya kore su."

Karsanar nan ni na jawo asararta, ba shanun ba. Tun ranar nake lura da halin shanu kamar yadda nake lura da zazzaɓi da kaska. Abin da nake son mu tattauna yau ke nan. Halin dabba yana shafar kuɗin da ke shiga aljihun mai ita, yana shafar lafiyarta da lafiyar mai kiwonta. Wani sashe nasa gado ne, wani sashe kuma mu ne muke gina shi da hannunmu.

Ba kowace saniya mai wuyar kamu ce mai mugun hali ba

Mukan haɗa abubuwa huɗu wuri guda mu kira su "zafin kai", alhali sun bambanta.

Na farko ƙyuya ce, wato rashin yarda da baƙo. Saniya tana natsuwa da mai ita, tana amsa kiransa, amma ba ta bari wanda ba ta sani ba ya matso. A daji wannan kariya ce.

Na biyu tsoro ne mai yawa. Wannan dabbar ko mai ita ba ta yarda da shi. Motsi kaɗan ta zabura, a bakin rijiya ita ce ke tarwatsa sauran, in an ɗaure ta sai ta yi ta fizga har igiya ta ci mata wuya.

Na uku faɗa ne. Dabbar ba gudu take yi ba, mutum take nufa da ƙaho ko da hauri. An fi ganin haka ga bijimai.

Na huɗu kishin ɗa ne. Saniyar da ta haihu jiya in ta tare ka, aikinta take yi, kuma bayan ƴan kwanaki takan sauko. Irin wannan uwar ce ke hana kare da dila taɓa maraƙi.

Ƙyuya da kishin ɗa ba abin kawarwa ba ne, sai dai a san yadda za a bi da su. Tsoro mai yawa da faɗa su ne ke cin dukiya, kuma su ne ya kamata mu rage cikin garkunanmu.

Abin da tsoro ke ci a jikin dabba

Idan saniya ta firgita, jikinta na sakin wasu sinadarai cikin jini, waɗanda likitoci ke kira adiranalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, tuƙa ta tsaya, ƙarfin jiki duka ya koma shirin gudu. In sau ɗaya ne, ba komai. Amma dabbar da kullum a firgice take, kullum tana ƙona abin da ta ci a banza.

Mai turka shi ne ya fi jin wannan a jikinsa. Ka sayi sa, ka ɗaure shi wata uku ko huɗu, kana zuba masa harawa, dusa da angurya, duk da kuɗi. Sa mai natsuwa zai ci, ya kwanta, ya yi tuƙa. Mai tsoro kuwa yana tsaye yana zagaye turke, ba ya sa baki a komi sai mutane sun watse. A shekarar 1997, masu bincike na jami'ar jihar Kolorado a Amurka, cikinsu har da Temple Grandin wadda ta yi suna kan sanin halin shanu, sun auna wannan a wuraren turka na can. A wani rukuni na shanun da suka gwada, waɗanda suka fi natsuwa sun fi waɗanda suka fi firgita ƙaruwar nauyi da wajen giram 190 a kowace rana. In ka lissafa cikin kwana 90, kilo 17 ke nan. Shanunsu da cimakarsu ba irin namu ba ne, don haka kada mu ɗauki adadin mu ɗora wa namu kai tsaye. Amma duk wanda ya taɓa turka sa biyu a gida ɗaya ya san inda maganar ta dosa.

Haka abin yake wajen tatsa. Nono ba ya saukowa sai jikin saniya ya saki wani sinadari mai suna okisitosin, kuma aikinsa na ƴan mintoci ne kawai. Shi ya sa ake sako maraƙi ya fara tsotsa kafin a tatsa. Sinadarin tsoro yana tare wannan aikin. In aka daki saniya ko aka yi mata tsawa lokacin tatsa, sai ta riƙe nono. Matan ruga sun san haka tun kafin likitoci su ba abin suna.

Ta wajen haihuwa ma, bincike a Amurka da Barazil kan shanu masu tozo, dangin namu, ya nuna cewa shanu mata masu yawan firgita ba su kai masu natsuwa ɗaukar ciki ba. A wurinmu da saniya kan yi shekara ɗaya da rabi ko biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, duk abin da zai ƙara jinkiri asara ce.

Sai nama. Akwai wani sukari da ke ajiye cikin tsokar dabba. Bayan yanka, shi ne ke juyewa ya ba nama ɗan tsamin da ke sa shi ja mai kyau, ya kuma jinkirta lalacewarsa. In dabba ta sha kora, duka da doguwar tafiya kafin yanka, sukarin ya ƙare. Naman sai ya fito baƙi-baƙi, ya yi tauri a ido, ya kuma yi saurin lalacewa, balle a zafin bazara inda babu firji. Ga kuma tabon duka, inda jini ya kwanta, wanda dole mahauci ya yanke ya zubar. Fatar ma darajarta na raguwa. Mahautan Maraɗi da na Damagaram da masu kilishi suna gane irin wannan naman da kallo ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na ma'aikacin lafiya. Dabbar da ba ta kamuwa ita ce ake tsallakewa ranar rigakafi. Kowa ya gaji, sai a ce "a bar ta sai baɗi". Ita ce ba a cire wa kaska, ita ce ba a ba maganin tsutsar ciki, ita ce rauninta ke ruɓewa kafin a duba. Ga ciwon huhu, ana son a yi wa aƙalla kashi 80 cikin 100 na shanun yanki allura kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa. Kowace saniya da ta tsere daga shinge ƙofa ce da aka bar wa cuta a buɗe.

Gado da reno

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ga shanu maganar gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa gado na ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na bambancin hali tsakanin shanu, wani lokaci ya ɗan fi haka. Wannan ya isa a ce zaɓe yana aiki. Masu kiwon shanun Limuzan, wani irin shanun nama na Faransa, sun taɓa fama da sunan da shanunsu suka yi na zafin kai. Daga shekarun 1990 suka shiga auna halin ƴan bijimai kafin a bar su su yi barbara, suna ware masu mugun hali, kuma cikin shekaru abin ya ragu a fili.

A nan bijimi ya fi saniya nauyi. Saniya ɗa ɗaya take bayarwa, bijimi kuwa yana iya zama uban maruƙa ashirin ko talatin a shekara guda. In mafaɗaci ne, ka shuka faɗa cikin garken da za ka yi shekara goma kana fama da shi.

Ragowar kuma reno ne. Maraƙi yana koyo daga uwarsa. In ya ga tana gudun mutum, shi ma zai guda. Yana kuma koyo daga hannun da ya fara taɓa shi. Masu bincike a Faransa sun ga cewa maruƙan da aka riƙa shafawa ana ba su abinci da hannu a farkon rayuwarsu, ko a kwanakin yaye, sun fi sauƙin kamu har bayan watanni. A nan makiyayanmu suna da abin da manyan gonakin Turawa ba su da shi. Maraƙin da ake ɗaurewa a dangwali safe da yamma, yara na kama shi, mata na tatsar uwarsa a gabansa, ya saba da mutum tun yana jariri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ke ɓata wannan tarbiyya shi ne duka, jifa da dutse, da murɗa wutsiya. Saniya ba ta manta wurin da aka cuce ta, ba ta manta kamannin wanda ya cuce ta. In shigarta ta farko cikin shingen rigakafi da duka aka yi, baɗi tun daga nesa za ta ƙi.

Kowane iri da aikinsa

Shanun Azawak an san su da sanyin hali da nono, kuma suna karɓar turka da aikin noma. Tun 1954 ake zaɓen irinsu a tashar Tukunus da ke kusa da Filinge. Gudali ma, waɗanda muke gani a kudu wajen iyaka da Sakkwato, masu sauƙin kai ne, shi ya sa masu turka da masu amalanke ke son su. Bororo kuwa an fi saninsu da ƙyuya.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci kamar yadda na yi a gaban dattijon nan. Wani mai bincike, Saverio Krätli, ya zauna da Wodaɓe a Nijar yana nazarin kiwonsu. Ya nuna cewa sun san asalin kowace saniya ta wajen uwa har kakanni da yawa, suna zaɓen bijimi da lura, kuma shaƙuwa tsakaninsu da shanun ce ke tafiyar da garken, ba tilas ba. Saniyar da za ta taka daga kwarin Tarka zuwa Ingal shan gishiri ta dawo, ta nemi ciyawa mai kyau da kanta, ta kwana a fili babu shinge, tana buƙatar zama a farke. In ka mai da ta mai bin kowa, ka rage mata abin da ke tsare ta.

Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wane aiki nake so dabbar nan ta yi? In turka ce a cikin gida inda yara ke wasa, ko noma, ko tatsa kusa da gari, nemi mai sanyin hali wadda kowa na gidan zai iya kamawa. In tafiyar daji ce, ƙyuya ba aibi ba ce, muddin dabbar na jin kiran mai ita kuma tana kamuwa a hannunsa. Abin da ba shi da amfani a ko'ina shi ne dabbar da mai ita ma ba ya iya taɓawa, ko wadda ke nufo mutum da ƙaho.

Kuma cikin kowane iri akwai bambanci. Na ga bijimin Azawak da ya hana mutane uku shiga garke, na ga saniyar Bororo da yarinya ƴar shekara takwas ke tatsa. Sunan iri ba ya isa. Dabbar da ke gabanka za ka duba.

Yadda za a auna hali ba tare da na'ura ba

A Ostareliya, tun ƙarshen shekarun 1980, ana auna saurin da dabba ke fita da shi in an sake ta daga lungu, da na'ura mai ƙidaya lokaci a tazarar da ba ta kai mita biyu ba. Mu ba mu buƙatar na'ura. Ido da littafi sun isa. Ranar rigakafi, ko duk ranar da aka kama dabba, a ba ta maki daga 1 zuwa 5:

1. Ta tsaya shiru, da aka sake ta ta tafi a hankali.
2. Tana ɗan motsi, tana kaɗa wutsiya, ta fita da ɗan sauri.
3. Tana fizga lokaci-lokaci, tana jijjiga shinge, ta fita da sassarfa.
4. Ba ta daina fizga ba tun shigarta, ta fita a guje.
5. Tana tsalle, tana neman haurawa, ko tana nufo mutane.

Auna sau ɗaya ba ya isa, don wata rana laifin masu kora ne. A auna sau biyu ko uku a lokuta dabam, ɗaya daga ciki a hannun mai ita shi kaɗai. Dabbar da ta samu 4 ko 5 a hannun baƙi amma 1 ko 2 a hannun mai ita, ƙyuya ce kawai. Wadda ta samu 4 ko 5 a ko'ina, ita ce za a fara kai wa kasuwa in buƙata ta taso, kuma ɗanta namiji kada a bar shi bijimi.

A kasuwa ma haka. Ko a Sabon Mashi kake, ko Badagishiri, ko Turaku a Yamai, kada ka biya kuɗin san turka kafin ka gwada shi. Ka matso ta gefen kafaɗa a hankali, ka ga a wace tazara zai ja da baya. Ka ɗora masa hannu a tozo. Ka ce wa dillali a kwance shi a ja shi ƴan taku. Ka duba tabon igiya a wuya da ƙafafu. Amma ka yi hattara: sa mai rashin lafiya ko wanda yunwa da ƙishirwa suka gajiyar shi ma shiru yake yi. Mai natsuwa na gaskiya idonsa a buɗe yake, kunnuwansa na motsi, hancinsa da danshi, yana tuƙa.

Yadda ake tafiyar da shanu

Idanun saniya a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta, sai wani ɗan wuri daidai bayan wutsiya. In ka ɓullo mata ta nan ba zato, hauri za ka sha. Ka yi magana tun kafin ka iso, ka zo ta gefe.

Ba ta iya auna zurfi da kyau. Inuwa a ƙasa, rami, tsumma ko leda da iska ke kaɗawa a jikin shinge, duk suna iya tsayar da ita. Kafin a fara aiki, mutum ɗaya ya bi lungun ya kawar da irin waɗannan. In ta tsaya ta sunkuyar da kai tana duba ƙasa, a ba ta lokaci.

Kafaɗa ita ce ma'auni. In ka tsaya bayan kafaɗarta, gaba za ta yi. In ka tsaya gaban kafaɗa, baya za ta ja. Sau da yawa a shinge nakan ga mutum tsaye daidai kan saniya yana dukanta wai ta wuce, alhali tsayuwarsa ce ta tare ta.

Ihu da ƙarar ƙarfe suna tayar mata da hankali kamar duka. Kada a cika wurin tara shanu maƙil, a riƙa shigo da su kaɗan-kaɗan. Kada a ware guda ɗaya ita kaɗai, don saniya ba ta jure kaɗaici. A sa jagorar garke gaba, mai garken kuma ya zama shi ne a kusa da dabbobinsa. In garke ya riga ya firgita, a dakata minti 20 zuwa 30, kamar yadda dattijon nan ya yi. A yi aiki da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma kada a kawo shanu shinge da ƙishirwa.

Bijimin da ya tashi a cikin gida

Akwai haɗari ɗaya da masu turka ba su cika lura da shi ba. Maraƙi namiji da ya tashi shi kaɗai a tsakar gida, ba ya cuɗanya da ƴan uwansa shanu, yara na wasa da kansa suna tura shi yana tura su, idan ya girma yakan ɗauki mutum abokin karawarsa. Ba ya tsoron kowa, kuma ranar da ya so gwada ƙarfi, da mutum zai gwada. A shafa maraƙi a wuya da kafaɗa, amma a hana yara wasan tunkuyi da shi.

Ku san alamun gargaɗi. Bijimi ya juya maka gefe yana nuna girmansa, ya sunkuyar da kai, yana tonon ƙasa da ƙafa ko da ƙaho, yana huci. In ka ga haka kada ka juya masa baya ka ruga. Ka ja da baya a hankali kana kallonsa, har ka samu icce, katanga ko amalanke tsakaninku. Bijimin da ya taɓa kai wa mutum hari ba a sake yarda da shi, komai kyansa. Kuɗin sa ba ya biyan ran yaro.

Mazan da ba za a bari su yi barbara ba, a dandaƙe su tun suna ƙanana, a hannun wanda ya iya. Dandaƙa na rage faɗan maza, amma ba ta maganin tsoro. Wannan sai reno.

Idan hali ya canja farat ɗaya

Saniyar da ka sani mai sanyi, in ta wayi gari tana faɗa ko tana firgita, kada ka kai hannu ga sanda. Ciwo ne ya fi yiwuwa. Kumburin hantsa na sa ta harbi mai tatsa. Ƙaya a kofato, rauni, ko ciwon ido na sa ta ƙi a matso ta wani gefe. Akwai cutar da kaska mai zane ke kawowa wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa, dabba ta riƙa zagaye, tana ɗaga ƙafa sama-sama, ta faɗi tana shure-shure. Wannan tana kisa da sauri, amma in an kira likita da wuri akwai magani.

Mafi haɗari shi ne haukan kare. Alamunsa a saniya su ne kuka mai yawa da shaƙaƙƙiyar murya, dalalar da miyau, kasa haɗiya, yunƙuri kamar za ta yi kashi, wani lokaci da kai hari. Mutane da yawa sukan zaci wani abu ne ya maƙale mata a maƙogwaro, su zura hannu cikin bakinta. Kada ku yi haka. A ware ta, a kira ma'aikacin kiwo. Wanda miyanta ya taɓa masa rauni, ko kare ya cije shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi likita a ranar. In alamun cutar suka bayyana ga mutum, babu magani.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ƙungiyar da ke sayen bijimi na tarayya ta sa hali cikin sharuɗɗan saye, daidai da girma da asali. A tambayi halin uwarsa da na ubansa. Mutum biyu ko uku su je su gwada shi, ba mutum ɗaya ba.

A ƙara layi ɗaya cikin littafin ƙungiya don makin hali, kusa da ranar rigakafi. Bayan shekara biyu ko uku za ku ga da idonku ƴaƴan wane bijimi ne ke ba da wahala.

In ana raba bisashe ta hanyar habbanaye ko bashin turka, a duba wanda za a ba. Mace mai ƙananan yara ko dattijo kada a haɗa su da dabba mai maki 4 ko 5.

Kafin ranar rigakafi, a zauna da samarin da za su yi kora, a yarda cewa babu duka, babu ihu. In shingen na kusa, a bi da maruƙa ta cikinsa sau ɗaya ko biyu ba tare da allura ba, a ba su ɗan dusa ko gishiri a bakin fita. A duba ƙarafan da suka karye ko suka yi tsini a gyara.

Kada mu manta da damana. Saniya ɗaya mai tarwatsa garke a burtali ta isa ta jefa sauran cikin gonar hatsin wani, kuma mun san inda rigimar ɓarna ke kaiwa. Garken da ke jin kira ya fi sauƙin ratsawa tsakanin gonaki.

Shekara biyu bayan abin da ya faru, na sake komawa shingen nan na arewacin Dakwaro. Dattijon ya zo da garkensa. Wannan karon tun kafin su iso na sa aka kashe mota, aka ajiye sanduna, muka koma gefe. Ya shiga gaba, tsohuwar saniyar na biye da shi, muka yi wa garken duka allura ba wadda ta tsere. Da zai tafi ya miƙo mani ƙwaryar nono ya ce: "Likita, yanzu sun fara saninka."

A zagayen rigakafi mai zuwa, ku zo da littafi da alƙalami, ku ba kowace dabba makinta. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana bisashenmu.